Na Tsinci Kalangun Mahaifina a Birnin Shikago

Akwai wata magana da na riƙe a cikina shekara 45 cur ban gaya wa kowa ba, sai da Allah ya kai ni wani lambun shan iska a ƙasar Amurka, inda ake wani irin kiɗa da ban san kansa ba, sa'an nan bakina ya buɗe. Tun da yake na riga na faɗa wa wanda ya fi kowa cancantar ya ji, na ga babu sauran abin ɓoyewa. Gara in ba ku labarin, ko wani mai irin ciwona ya nemi magani da wuri, kada ya jira sai ya yi furfura kamar yadda na yi.

A cikin watan Agusta na 2019 na je birnin Shikago ziyarar ɗana na fari, wanda yake aiki a can. Ba zan ambaci sunansa ba, kun dai san al'ada. Ko a gida "yaron nan" nake ce masa. Na yi kwana goma a bene hawa na tara, ba abin da nake yi sai kallon motoci ta taga, har gida ya fara kirana. Ran nan, ranar wata Asabar da hantsi, sai ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, yau za mu fita. Ana bikin kiɗan jaz a tsakiyar gari, kuma kyauta ne, ba a biyan ko kwabo." Na dube shi na ce, "Kai, da girmana da furfurata za ka kai ni wajen kiɗa?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai Baba ko don ka sha iska, ka ga tabki." Ashe matarsa ta riga ta cika kwando da soyayyar kaza da burodi da ruwan sha, ta naɗe barguna biyu, jikokina kuwa sun sa takalma suna ta tsalle a bakin ƙofa. Da na ga an gama shawara ba da ni ba, sai na ɗauki hulata na bi su, muka shiga jirgin ƙasa na cikin gari, wanda yake bin gadar ƙarfe a bisa tituna.

Kafin mu isa lambun, bari in gaya muku abin da ya sa ƙafata ta yi nauyi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, makaɗin kalangu ne, makaɗin mahautan garinmu a ƙasar Katsina, shi ma kuwa gado ya yi. Kowace jajibirin kasuwa, idan an sayo sa, shi ne zai rataya kalangu ya zaga gari, matar da ke cikin kulle ta ji ta san gobe akwai nama mai kitse, har ma ta san wanda zai yanka, domin kowane mahauci da takensa. Ranar kasuwa ya tsaya a bakin rumfar fawa tun safe har la'asar. Da kaka ya yi wa 'yan dambe kiɗa, da Salla ya yi na hawan ƙaho. Ladansa 'yar tsoka ce da kayan ciki, da abin da aka jefa masa na kwabo da ahu. Da wannan ya ciyar da mu, da shi ya biya haraji, da shi kuma ya ɗinka mini rigar da na tafi makaranta da ita.

A makarantar kwana na fara jin cewa abin da ya ciyar da ni abin kunya ne. Yara suka sa mini suna ɗan maroƙi. In na fi su a jarrabawa, sai su ce roƙon malam na yi. Tun daga nan na koyi amsa guda: duk wanda ya tambaye ni sana'ar ubana, sai in ce ɗan kasuwa ne.

To, a shekarar 1974 ina akawu a wani ofishin gwamnati a Kaduna, ina sa kwat ina ji da kaina, sai mahaifina ya rako mahautan garinmu wani biki. Ya yi ta tambaya har ya gano ofishinmu, ya tsaya a bakin ƙofa da kalangunsa a kafaɗa, don ba ya rabuwa da shi. Masinja ya shigo ya ce, "Ranka ya daɗe, wani maroƙi yana sallama da kai." Na fito, abokan aikina suna leƙe ta taga. Ɗaya daga cikinsu ya ɗaga murya ya ce, "Wane ne?" Ni kuwa, a gaban tsohon nan, yana ji da kunnensa, na ce, "Wani mutumin garinmu ne." Ban durƙusa ba. Na sa hannu a aljihu na ciro naira 2 na miƙa masa, kamar yadda ake sallamar mai roƙo. Ya dubi kuɗin, ya dube ni, ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka." Ya juya ya tafi. Har ya rasu a 1983 bai taɓa tayar mini da maganar ba. Abu guda kaɗai ya canja: daga ran nan, duk sa'ad da zai zo gidana, sai ya bar kalangun a tasha wajen wani mai tsire, ya iso hannu rabbana. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Da aka raba gado kalangun ya faɗo hannuna, na sa shi a buhu na jefa a sito, 'ya'yana kuwa na gaya musu kakansu ɗan kasuwa ne.

Kun ji mutumin da aka ɗauko za a kai wajen kiɗa.

Lambun da muka je ana ce masa Millennium, an buɗe shi a 2004. Yana tsakanin dogayen benayen tsakiyar gari da Tabkin Mishigan, wanda sunansa ne kawai tabki, amma ba ka hango ƙarshensa, sai ka ce teku. A bakin shiga masu gadi suka duba kwandonmu, suka ce mu wuce. Ba wanda ya tambaye mu tikiti. Muka wuce wani ƙaton ƙarfe mai sheƙi kamar madubi, siffar ƙwayar wake, har 'yan garin ma wake suke ce masa, inda jikokina suka tsaya suna yi wa hoton kansu gwalo. Gaba kaɗan ga babbar rumfar makaɗa, wadda wani magini mai suna Frank Gehry ya tsara. Goshinta ƙarfe ne a lanƙwashe, kamar rufin kwanon da guguwa ta nannaɗe. A gabanta akwai kujeru 4,000, bayan kujerun kuma filin ciyawa mai cin mutum 7,000. An gicciya bututan ƙarfe a bisa filin kamar tankar rumfa, an rarrataya lasifikoki a jikinsu, don wanda ke can baya ya ji daidai da wanda ke gaba.

Amma mutanen ne suka fi ɗaukar hankalina. Ga Turawa, ga baƙaƙen fata, ga Indiyawa, ga mutanen Sin da na Meziko, kowa ya shimfiɗa bargonsa ya buɗe abincinsa. Ga tsohuwa a keken guragu jikarta na tura ta. Ga wani da ka gan shi ka ga mai hali, dab da shi kuma ga wani da dukan abin da ya mallaka yana cikin jakar da ya yi matashi da ita, ba wanda ya ce da wani matsa. Wasu suna shan abin da suke sha, ban tanka ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Na yi ta waige ina neman rumfar manyan baƙi, da kujerar uban biki, da sanƙiran da zai share sa'a guda yana jero sarautu kafin a fara, ban gani ba.

Da rana a ƙananan rumfunan tanti na gefen lambun ake kiɗan, sai da yamma a koma babbar rumfa. Tantin da muka shiga an sa masa sunan Von Freeman, wani mabushin garin da ya rasu a 2012. Wannan ma ya tsaya mini a rai, a ce hukuma ta rubuta sunan mabushi da manyan baƙaƙe a tsakiyar birni. Na sami kujera kusa da wani dattijo baƙar fata, wanda zai kai shekara 80, da hular malafa da sanda. Ya dubi babbar rigata ya ce, "Ɗan'uwa, daga ina?" Na ce daga Nijeriya. Turancinsa yana da wuyar kamawa ga wanda ya koyi na Ingila, amma da na kasa kunne sai muka fahimci juna. Ya ce shi a nan aka haife shi, amma ubansa daga gonakin audugar Misisipi ya gudo, ya zo ya yi aiki a mayankar Shikago har ƙarfinsa ya ƙare. Da na ji ya ambaci mayanka sai gabana ya faɗi. Ashe garin mahauta aka kawo ni! Mayankar nan tasu, wadda aka buɗe a 1865 aka rufe a 1971, a zamaninta babu kamarta a duniya. Jiragen ƙasa ne suke kawo mata dabbobi, dubban mutane kuma suna ci daga gare ta.

Daga bakin dattijon nan, da abin da na karanta daga baya, na san asalin kiɗan. A birnin Niyu Oliyans na kudancin Amurka aka haife shi, wajen farkon ƙarni na 20, a tsakanin jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka. A birnin akwai wani fili da ake kira Dandalin Kwango, inda a zamanin bauta ake barin bayi su taru ranar Lahadi su yi kiɗa da rawa irin na ƙasashen da aka rabo su da su. Daga baya jikokinsu suka ɗauki ƙahonin badujalar soja da fiyano na Turawa, suka zuba musu waƙoƙin cocinsu da na baƙin cikin gona, abin ya zama wani sabon abu wanda ba na Afirka ba ne zalla, ba kuma na Turai ba. Da wulaƙancin kudu ya ishi baƙaƙen fata sai suka yi ta ƙaura zuwa biranen arewa neman aiki. A 1910 baƙaƙen da ke Shikago kimanin 44,000 ne kawai. A 1920 sun haura 109,000. A 1930 sun kusa 234,000. Inda ma'aikaci ya tafi kuwa, makaɗinsa yana biye da shi, kamar yadda mahaifina yake bin mahauta. A 1922 wani mabushi da ake kira King Oliver ya aika wa yaronsa Louis Armstrong da telgiram ya ce ya taho Shikago. Ya hawo jirgin kamfanin Illinois Central ya zo, daga 1925 kuma ya fara fitar da faya-fayan da suka sa duniya ta san shi. Dattijon ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Nan inda muke zaune, da can filin ajiye jiragen wannan kamfani ne." Armstrong ɗin nan ya zo Nijeriya a 1960, har akwai hotonsa tare da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna. Ni a lokacin ina ɗan shekara 10, ban ma san an yi ba.

Na ce da shi, "To, ku dai kun ji daɗi, kuna girmama makaɗanku." Ya yi dariya har da tari. Ya ce in bar ganin yau. A da, kiɗan mashaya da gidajen karuwai ake ce masa, kuma ba Turawa kaɗai ba, har iyayensu masu zuwa coci sukan yi wa yaro dūkan tsiya in sun ji yana busa shi. Ya ce akwai manyan makaɗan da suka yi wasa a otal-otal ɗin da ba a yarda su kwana a ciki ba, ba a ma yarda su shiga ta ƙofar gaba ba. Sa'an nan ya nuna wajen tabki da sandarsa, ya ce shekara 100 ke nan daidai, a 1919, wani yaro baƙar fata yana wanka a tabkin nan ruwa ya ja shi zuwa ɓangaren da Turawa suka ce nasu ne, aka yi ta jifa har ya nutse, rikicin da ya biyo baya ya ci mutum 38. Ya ce, "Don haka in ka gan mu zaune tare a kan ciyawa ɗaya, kada ka ɗauka daga sama abin ya faɗo."

Muna cikin haka makaɗa huɗu suka hau. Ɗaya yana riƙe da saksafon, wani ƙahon tagulla mai lanƙwasa kamar lofe, wanda muryarsa take tsakanin algaita da muryar mutum. Ɗaya ya zauna ga fiyano. Ɗaya ya rungumi wani ƙaton goge da ya kusa fin shi tsawo, wanda ake kafawa a ƙasa ana tsinkar tsirkiyarsa da yatsu. Na huɗu ya zauna a tsakiyar ganguna da faya-fayan tagulla, sanda a kowane hannu, ƙafafunsa ma kowace da aikinta. Suka fara. Gaskiya, da farko hayaniya kawai na ji, kamar kasuwa ta cika. Babu mawaƙi, babu 'yan amshi, ba a ambaci sunan kowa ba, ba a ce wane ɗan wane ba. Na ce a raina, wannan kiɗa wa ake yi wa shi?

Dattijon ya lura da fuskata. Ya matso ya ce in saurara da kyau: abin da suka busa tare da farko shi ne gindin kiɗan, in riƙe shi a kaina. Bayan haka kowa zai ɗauke shi shi kaɗai ya yi yawo da shi inda ya ga dama, yana ƙirƙira nan take, sauran suna riƙe masa hanya, in ya gama a tafa masa wani ya karɓa. A ƙarshe duka su komo gindin. Da na ji haka sai na ce, af, ai take ne! Taken Sarkin Fawa guda ne, kowa a garinmu ya san shi, amma mahaifina bai taɓa kaɗa shi iri ɗaya sau biyu ba. Yakan ja shi, ya karya shi, ya ɓoye shi har ka ce ya ɓace, sa'an nan ya fito da shi ta inda ba ka zata ba, mahauta su yi ta ihu suna ɗaga wuƙaƙe. Da na kama wannan zaren sai hayaniyar ta warware, na fara jin mutum huɗu suna zance, kowa yana ba ɗan'uwansa wuri.

Can sai mai saksafon ya juya ya fuskanci mai ganguna. Ya busa 'yar magana gajeriya ya tsaya, mai ganguna ya mayar masa. Ya sake, aka sake mayar masa, kamar masu gardama a dandali. Daga nan aka bar mai ganguna shi kaɗai. Ya yi ta ruwan sanduna, sa'an nan ya sassauta, ya sunkuya, ya ɗora gwiwar hannunsa ta hagu a kan fatar wata ganga, yana dannawa yana saki, yana bugu da hannun dama. Sai muryar gangar ta riƙa hawa tana sauka, tana hawa tana sauka, kamar mai magana.

Jama'a, ban san sa'ad da na miƙe tsaye ba. Abin da kalangu yake yi ke nan. Makaɗi yakan matse tsirkiyoyin a hammatarsa fata ta ɗaure murya ta hau, ya saki ta sauka, da haka yake bin hawa da saukar harshenmu har ya kira sunan mutum ba tare da ya buɗe baki ba. Tun ina jariri nake ganin wannan hannu na hagu yana matsewa yana saki, har tsokar damtsen mahaifina ta hagu ta fi ta dama kauri. Na tsaya a cikin tantin nan ina kallon baƙon da ban san sunansa ba, amma tsohon da na bari a ƙofar ofis nake gani. Dattijon ya ce mini wannan dabara ta gwiwar hannu wani shahararren makaɗi mai suna Art Blakey ya yi suna da ita, wanda ya taɓa zuwa Afirka ta Yamma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma musulunta ana ce masa Buhaina. Ni ba zan ce jaz ɗan kalangu ba ne, don ba haka tarihi ya nuna ba. Abin da na sani shi ne, aikin da ɗaruruwan mutane suka tashi tsaye suna tafa wa, na ga wanda ya fi haka iya shi, a bakin rumfar fawa, a kan ladan kayan ciki.

Da suka gama sai na sa hannu a aljihu na zaro takardar dala 20, na nufi wajen mai ganguna zan liƙa masa a goshi. Yaron nan ya riƙo gefen rigata a hankali ya ce, "Baba, ba a yin haka a nan. An riga an biya su." Na ce, "Wa ya biya su, tun da ba wanda ya ba da ko kwabo?" Ya ce hukumar birni ce take shirya bikin ta hannun sashenta na al'adu, da kuɗin jama'a da gudummawar kamfanoni, ana yin jinga da kowane makaɗi tun kafin ya hau. Ya ce in ina son in taimake shi, ga tebur can ana sayar da faifansa. Na je na saya. Mai gangunan ya zo da tawul a wuya ya sa mini hannu a jikin faifan, muka yi musafaha, idonsa cikin idona, bai rusuna ba, ni ma ban ji na fi shi ba. Sai na tuna da naira 2 ɗin nan.

Bikin kansa ma daga girmama mamaci ya samo asali. Duke Ellington, ɗaya daga cikin manyan masu tsara wannan kiɗa, ya rasu ranar 24 ga Mayu, 1974. A cikin bazarar wannan shekara makaɗan Shikago suka taru a lambun Grant, wanda ke maƙwabtaka da inda muke, suka yi wasa kyauta don tunawa da shi, abin ya zama na shekara-shekara. A 1978 wasu suka fara irinsa don tunawa da John Coltrane. A 1979, zamanin Jane Byrne, mace ta farko da ta zama magajiyar garin, aka haɗa su da shirin wata ƙungiyar masu kishin jaz ta birnin, ya zama biki guda, wanda ake yi a ƙarshen makon da ke gabatar Ranar Ma'aikata tasu, watau Litinin ta farko a watan Satumba. Daga baya aka komo da shi lambun Millennium. Ku dubi shekarar da abin ya fara, 1974. A shekarar da wani birni ya fito fili don ya girmama makaɗinsa, a cikinta ni na yi musun nawa.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa muke raina makaɗi alhali ba ma iya biki sai da shi. A ganina ba kiɗan muke rainawa ba, hanyar biyan ce ta jawo. Mun bar makaɗi ba shi da lada sai kyauta, kyauta kuwa sai an roƙa, mai roƙo kuma dole ya yabi mai bayarwa ko ya cancanta ko bai cancanta ba. Mu muka ɗaura masa roƙo a wuya, sa'an nan muka juya muna ce masa maroƙi. A lambun nan an kwance wannan igiya: an biya mutum ladan gwanintarsa kamar yadda ake biyan magini ko tela, shi ya sa ya kaɗa abin da ransa yake so, talaka da mai kuɗi kuma suka ji daidai wa daida. Amma kada in yi wa gida rashin adalci. Mai gangunan nan bai san ko mutum ɗaya a cikinmu ba, mahaifina kuwa ya san kowane mahauci da ubansa da kakansa, tarihin gari guda yana cikin hammatarsa. Kuma dattijon ya gaya mini cewa da yawa daga makaɗan jaz har yanzu da ƙyar suke biyan kuɗin haya; kwana huɗu na biki ba sa ciyar da mutum shekara.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, wasu sun ga darajar abin namu tun ina ɓoye shi. Yusef Lateef, wani babban mabushin jaz Musulmi daga birnin Detroit, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana binciken kiɗe-kiɗenmu, musamman sarewar Fulani. Mutum ya ƙetaro teku don ya zauna a gaban irin su mahaifina ya koya, ni kuwa ina Kaduna, tafiyar sa'a guda, kalangu yana cikin buhu. Jami'ar nan kuma ita ce ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, Shatan da kalangu ne kiɗansa. Na ji labarin a rediyo a lokacin, na yi murna kamar kowa, amma ban buɗe sito ba. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa ya fi rashin sani muni, don na sani na take.

Da rana ta yi sanyi muka yi sallama da dattijon, muka koma filin ciyawa muka shimfiɗa bargunanmu. Fitilun benaye suka kama ɗaya bayan ɗaya, iska mai sanyi tana tasowa daga tabki, babbar ƙungiya ta hau rumfa da ƙahoni fiye da goma. Matar yaron nan ta ja yara suka tafi sayen abin sanyi, aka bar mu mu biyu. Kun san tsakanin uba da ɗan fari, ba a doguwar hira, ba a haɗa ido. Na kafa idona a kan rumfa na ce, "Kai, kakanka ba ɗan kasuwa ba ne. Makaɗin kalangu ne, na mahauta." Na ba shi labarin ofis, da naira 2, da mai tsiren tasha, ban rage kome ba.

Ya yi shiru har na ɗauka kiɗa ya hana shi ji. Can ya ce, "Baba, ai na sani. Goggo ta gaya mini tun ina firamare, ta ma nuna mini buhun a sito. Jira nake ka faɗa da bakinka." Na ce, "Shi ya sa ka kawo ni nan?" Bai amsa ba, sai ya tsiyaya ruwa a kofi ya miƙo mini da hannu biyu. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ran nan dai yaro ne ya hango, babba yana ƙasa. Da yaran suka komo, sai ya jawo babban ya ce, "Zo ka ji, kakan babanka gwanin ganga ne, ya fi wancan da muka gani." Yaron ya zaro ido ya ce, "Kaka, kai ma ka iya?" Na ce ban iya ba. Wannan amsa ta fi dukan abin da na faɗa a daren nan ɗaci, domin hannun da zai koya mini ya yi shekara 33 yana jirana.

Da na komo gida, kafin in kwance kaya na buɗe sito. Gara ta ci buhun, fatun sun ruɓe, tsirkiyoyin sun tsintsinke, amma icen yana nan garau, har da gurbin da hammatarsa ta goge ya yi sulɓi. Na kai shi garinmu wajen ɗan wanda ya yi wa mahaifina yaranta, ya sake masa fata da tsirkiya. Da ya gama ya rataya ya gwada, sai ya kaɗa taken Sarkin Fawa na da, wasu tsofaffi biyu suka fito daga rumfa suna tambaya wa ya tashi matattu. Na ce musu ni ne, ɗan wane makaɗi. Wannan ne karo na farko da na faɗi haka a bainar jama'a.

Ina roƙon hukumominmu, tun daga ƙananan hukumomi har jihohi, su duba wannan al'amari. Ba sai an gina rumfar ƙarfe irin ta Shikago ba. Dandali muna da shi, farin wata muna da shi, gwanaye kuma Allah ya ba mu. Abin da ya rage shi ne a ware rana, a yi jinga da makaɗi a biya shi hakkinsa tun kafin ya rataya ganga, a ce wa jama'a su zo kyauta, kada a sa shi yabon kowa. Ku kuma 'yan makaranta da iyayenku ke kiɗa, ko fawa, ko jima, ko wanzanci, in tsoho ya zo ƙofar ofishinku da kayan sana'arsa a kafaɗa, ku fita ku durƙusa, ku karɓi kayan ku shigar da shi ciki.

Kalangun yana rataye yanzu a zaurena, inda duk mai sallama zai gan shi. Wanda ya tambaya nakan gaya masa na wane ne. Allah ya jiƙan mahaifina, ya yafe mini abin da na yi masa, amin.